Kuɗin asusun yaranmu: a tura waje ko a gyara famfon gida?

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum iyaye da tsofaffin ɗalibai. Shawararku nake nema kan wani abu da ya fi ƙarfin aji. Tun farkon zangon nan 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare suke tara kuɗi a asusu saboda ruwa. Daga darasi abin ya samo asali. Muna maganar ranar ruwa ta duniya, wato 22 ga Maris, sai na ba su labarin wani yaro ɗan Kanada, Ryan Hreljac. A 1998 yana ɗan shekara shida malamarsu ta gaya musu akwai yaran da ke mutuwa saboda gurɓataccen ruwa. Ya dinga yin aikace-aikacen gida ana biyansa har ya tara dala 70, sai aka ce masa rijiya guda sai dala 2,000. Bai karaya ba. A 1999 aka haƙa rijiyar kusa da firamaren Angolo a arewacin Yuganda. Ban rufe baki ba wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, shi yana Kanada ya tuna da mu, mu da muke nan fa?" Daga nan suka fara. Zoɓo, gullisuwa, alawar madara, wankin motocin malamai ranar Juma'a, wasu har kuɗin tararsu suke ragewa. Jiya muka fasa asusu uku a gaban shugabar makaranta, muka ƙirga sau biyu: naira 412,300. Yanzu yaran sun rabu gida biyu. Wasu na so a tura wa wata babbar ƙungiyar ruwa ta duniya ta kai inda aka fi buƙata, wasu na so a haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye kusa da Jos. Ni ma na kasa tsayar da magana ɗaya.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya yi musu albarka, ya saka miki Malama. Wallahi sai da na yi hawaye.

Baba Mai Tireda: Malama, sannu da ƙoƙari, amma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ni a Unguwar Rogo nake. Famfon gidanmu ya fi shekara rabonsa da ɗigon ruwa, sai iska yake hurawa. Kullum sai na tsayar da ɗan garuwa, a bazara kuma kura guda sai ka yi roƙo kafin a sauke maka. Daga cikin ɗan abin da ya rage ɗana yake zuwa ya ce Baba kuɗin asusu. Na ba shi, don ba na son ya ji kunya cikin 'yan uwansa. To yanzu a ce kuɗin nan za su haye jirgi su tafi wata ƙasa? Ga madatsar Lamingo, ga Liberty, ga ta Yakubu Gowon a Shen, duk a kewayenmu, amma muna sayen ruwa. Tun Nuwamban 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsaftar muhalli. Wannan aikin hukuma ne, ba na yara masu sayar da zoɓo ba. Ina tsoron mu koya musu cewa duk abin da masu alhaki suka sake, talaka ne zai ɗauka.

Ɗalibar Jami'a: Baba, Allah ya ƙara girma, maganarku gaskiya ce, kuma ba wanda zai ce ku cire kuɗin cefane ku aika waje. Amma ku ba ni dama in kare yaran da ke son a tura. Ni ma makarantar nan na yi. Tun muna ƙanana, duk hoton da muka gani na taimakon ruwa, baƙin yaro ne riƙe da jarka, Bature kuma yana miƙa masa hannu. Sai muka tashi da tunanin mu kullum masu karɓa ne. Ga shi yau ƙannenmu sun ce su ma za su bayar, har ga wanda ba su taɓa gani ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar yaro. Kuma matsalar ta duniya ce: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) da asusun kula da yara na UNICEF ya nuna a 2022 mutum kusan biliyan 2.2 ba su da tsaftataccen ruwan sha da za su dogara da shi a gida. A Yulin 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince ruwa haƙƙin kowane ɗan Adam ne, ba ta ce ɗan ƙasa kaza ba. Akwai wata yarinya a Amurka, Rachel Beckwith, da ta ce kada a saya mata kyautar cika shekara tara a 2011, a tara mata dala 300 ta ba masu neman ruwa. Dala 220 ta samu. Ba a jima ba ta rasu a haɗarin mota, jama'a suka ji labari suka tara sama da dala miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, aka yi ayyukan ruwa a Habasha. Ita ma ai akwai mabuƙata a garinsu.

Baba Mai Tireda: 'Yata, ita wannan yarinyar, Allah ya sa ta huta, in ta buɗe famfon gidansu ruwa ke zuba. Bambancin ke nan.

Injiniyan Rijiya: Salamu alaikum. Na karanta duka. Ni haƙar rijiya ce sana'ata, shekaru da dama ina yawo tsakanin Filato da Bauchi da Nasarawa, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani, ku kuma ku yanke.

Malama, kuɗin nan ba za su haƙa sabuwar burtsatse a ƙasar Jos ba, balle a kai ga tanki da sola. Duk wanda ya ce miki zai yi, to ko dai rami zai bar muku, ko ya dawo neman ciko. Ƙasarmu dutse ce. Ruwan yana cikin tsagewar dutse da ɓangaren da ya ruɓe, ba shimfiɗe yake ko'ina ba. Dole a fara awon ƙasa da na'ura, shi ma kuɗi ne, kuma ko an auna ana iya sauka ƙasa sosai a tarar da ƙura. Maƙwabcinka ya samu ruwa, kai taku ashirin tsakani ka rasa. Na taɓa tsayawa a gaban dattawan wani ƙauye da suka yi karo-karo na shekara guda, injin ya yi kwana biyu yana fitar da farin gari, ban san da wane baki zan yi musu magana ba. Ba na fatan yaranmu su ga irin wannan ranar.

Amma ga inda kuɗinsu za su yi aiki. Ku bi hanyar Bauchi ko ta Zariya ko ta Miango, ku ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa da ke tsaye ba ruwa, ciyawa ta rufe dandamalinsu, awaki na kwana a kai. Da yawansu ramin lafiyarsa ƙalau, ruwa na nan a ƙasa. Abin da ya mutu ɗan ƙarami ne: robar da ke cikin silinda ta cinye, ko sarƙa ta tsinke, ko bututu ya yi tsatsa ya huje, ko sandar ƙarfe ta kwance ta faɗa ciki. Yawancinsu samfurin India Mark II ne ko Afridev, kayansu ana samu. Rijiyar da aka kashe miliyoyi a kanta sai ta shekara uku a mace saboda roba, domin ranar da aka yanke kirtani aka yi hotuna, ba wanda ya ce ga mai gyara, ga asusun gyara. Da abin da yaran nan suka tara, in rabo ya ratsa, za a tashi ɗaya ko biyu, har a bar wani abu na ajiya.

Maman 'Yan Biyu: Injiniya, to in an gyara ya sake lalacewa fa? Ai an koma gidan jiya.

Injiniyan Rijiya: Hajiya, zai sake lalacewa, wannan ba tantama. Duk abin da hannu ɗari ke tuƙawa kullum sai ya gaji. Shi ya sa ba a fara taɓa famfo sai an zauna da mai unguwa da matan wurin, an kafa kwamiti, kowane gida ya amince da ɗan abin da zai riƙa ajiyewa duk wata, an koya wa matasa biyu kwance shi da ɗaurawa. A sa mata a riƙon kuɗin, su ne suka san zafin rashinsa. In mutanen gari suka ce ba za su ajiye ko sisi ba, ku ɗauki kuɗinku ku yi gaba.

Kuma ƙanwata ta jami'a, ba wai manyan ƙungiyoyi ba sa aiki ba ne. WaterAid tun 1981 take, ta daɗe tana aiki a Najeriya. Amma girma ba ya hana kuskure. An taɓa ƙirƙiro wani famfo mai suna PlayPump a Afirka ta Kudu, kamar lilon yara mai juyawa, wai suna wasa ruwa na hawa tanki. A 2006 aka sanar da tallafin sama da dala miliyan 16 a kansa, makarantu a ƙasashen Turawa suka yi ta tara kuɗi. Daga baya aka gano in yara sun gaji ko suna aji, mata ne ke zuwa suna tura lilon da ƙyar, in ya lalace kuma ba mai gyara a kusa. Masu bayarwa suna nesa, ba su gani ba sai da aka makara. Mu namu yaran za su iya hawa mota su je su duba.

Ɗalibar Jami'a: Yaya, na ji wannan, kuma ban san labarin lilon ba. Amma kada mu mai da shi hujjar rufe ido ga na nesa.

Tsohon Hedimasta: Jama'a barkanmu da warhaka. Jikata ce ta nuna mini yadda ake rubutu a nan, ku yi haƙuri da tsawon magana.

Ku yaran yanzu ba ku san kurkunu ba, kuma alhamdu lillahi da ba ku sani ba. Ƙauyen da aka fara tura ni koyarwa, da damina ta kama sai aji ya zama rabi. Ka bi gida ka tarar da yaro zaune ƙafa a kumbure, an naɗe farar tsutsa a jikin tsinke, kullum ana jan ɗan kaɗan, in ta tsinke ciwo ya dawo sabo. Wani sai ya yi wata biyu bai taka ba. Uban ma yana kwance, gona ta tafi. Duk daga ruwan kududdufi ne. Da aka yi ƙidaya a ƙarshen shekarun 1980 an samu mutum sama da 650,000 da cutar a Najeriya, mu ne kan gaba a duniya. Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wadda ofishinta ke nan Jos, da Janar Yakubu Gowon, ɗan jihar nan, suka bi ƙauye-ƙauye. Kuɗin ya zo daga mutanen da ba su san sunan garinmu ba, wannan gaskiya ne, 'yata ta jami'a tana da hujja. Amma da me aka kashe cutar? Da ƙyallen tace ruwa, da ɗan sa-kai na cikin gari da ke hana mai ciwo shiga tafki, da rijiya mai aiki. A 2008 aka ga na ƙarshe a jihar Inugu, a 2013 WHO ta tabbatar mun rabu da ita. Na nesa ya kawo kuɗi, na gida ya tsare bakin tafki. In ɗaya ya janye, da har yau muna naɗe tsutsa.

Alhaji mai tireda, ƙanena, kukanka na ji shi. Amma yaron da ya san nawa ake gyara famfo, shi ne gobe zai iya tsayawa gaban kansila ya tambaye shi ina kuɗin ruwa suka shiga. Wanda bai taɓa ƙirgawa ba, ba ya tambaya.

Baba Mai Tireda: Ranku ya daɗe, na karɓa. In dai a nan kusa ne, inda ɗana zai gani da idonsa, ba ni da ja. Amma a daina sa yara gasar wa ya fi kawowa. Ɗana ya ce ana rubuta suna a allo.

Malamar Kimiyya: Baba, wannan kuskurena ne, ni na bari aka rubuta a makon farko don in ƙarfafa musu gwiwa. Ban yi tunanin wanda ba shi da shi ba. An goge tun tuni, kuma ba za a sake ba in sha Allahu. Ku yafe mini.

Anti Nas: Ina wurin aiki, a gurguje nake rubutu. Duk abin da za a gyara, don Allah a gwada ruwan kafin a ce wa mutane su sha. Ruwa garai-garai ba shi ne mai tsafta ba. A 2021 kwalara ta kama mutum sama da dubu 111 a ƙasar nan, ta kashe sama da 3,600, kuma mu da muka yi dare muna ɗaura ƙarin ruwa ba za mu manta ba. A duba nisan rijiyar da masai, ana so ya kai mita 30. A yankin Langtang akwai wuraren da sinadarin da ke cikin ruwan ƙasa ke rina haƙoran yara, a kewayen Bukuru da Barikin Ladi kuma ga tsofaffin ramukan kuza da mutane ke ɗiba. Kowane wuri da irin matsalarsa. Abu na biyu, sau da yawa ruwa na fita daga famfo lafiya, a gida yake lalacewa: jarka ba murfi, randa a buɗe, moɗa ɗaya kowa na tsoma hannu. Yaran nan za su iya koyar da wannan ba tare da an kashe ko kwabo ba. Har da haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Malamin Islamiyya: Allah ya saka wa kowa. Falalar shayar da ruwa ba ɓoyayyiya ba ce. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ta fi da zai yi wa mahaifiyarsa, aka nuna masa ruwa. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Zubaida matar Haruna Rashid ta jawo wa alhazai ruwa, har yau ana kiran aikin da sunanta. Sai dai akwai batun amana da ban ga an taɓo ba. Malama, lokacin da yaran ke sayar da zoɓo, me suka ce wa masu saye? In an ce musu na ƙasar waje ne, ba ya halatta a juya ba da saninsu ba. In an ce na ƙauye ne, haka nan.

Malamar Kimiyya: Allah ya gafarta Malam, abin da ke rubuce a kwalin da suka rataya shi ne, "Ruwa mai tsafta ga waɗanda ba su da shi." Ba a ambaci gari ko ƙasa ba.

Malamin Islamiyya: To madalla, ƙofa a buɗe take. Sai a rubuta kowace naira, a ajiye rasit, a manna a allon sanarwa.

Mama daga Tudun Wada: Gaisuwa ga kowa. Mu ma a coci an koya mana cewa ko kofin ruwan sanyi ka ba ƙaramin yaro, ladanka ba zai ɓata ba. Roƙona ɗaya ne. Duk mun san abin da garin nan ya gani, mun san yadda unguwanni suka rabu. 'Yata da 'yar Hajiya benci ɗaya suke zama, tare suka dafa zoɓon nan a kicin ɗina. A zaɓi famfon da Musulmi da Kirista ke ɗiba tare, kada a ce wannan na su wane ne. Akwai irinsu da yawa a bakin gari, inda mata ke haɗuwa da asuba ana layi ana hira.

Maman 'Yan Biyu: Mama kin faɗi gaskiya. Ni kuma bari in faɗi abin da ke cina tun ɗazu, ina jin nauyi ne saboda akwai maza. Makarantar yaran nan ita kanta, bayan gidan 'yan mata ba ruwa. 'Yata ba ta shan komai daga safe har a tashi don kada ta buƙaci zagayawa, ta dawo leɓe a bushe da ciwon kai. In lokacinta na wata ya zo, kwana biyu take yi a gida. Na san ba ita kaɗai ba ce. Muna maganar Yuganda da Habasha, ga shi a ƙarƙashin hancinmu.

Anti Nas: Hajiya, na gode da kika faɗa. Wannan riƙe fitsarin shi ke kawo mana 'yan mata da ciwon mara.

Baba Mai Tireda: To ai shi ke nan, a sa kuɗin a nan.

Tsohon Hedimasta: A'a, Alhaji. Nan kam maganarka ta farko ce ke aiki. Ruwan bayan gidan makaranta haƙƙi ne a kan makaranta da mu iyaye, muna biyan kuɗin PTA. In muka ɗauki gumin yara muka toshe ramin da manya suka bari, mun zalunce su sau biyu. A sa shi a gaba a taron iyaye mai zuwa, ni zan tashi in faɗa in kowa na jin nauyi.

Ɗalibar Jami'a: Na goyi bayan Baba Hedimasta. Na kuma yarda a gyara famfo. Amma ina roƙon a bar yaran su kaɗa ƙuri'a kan ko za a ware wani kaso, ko kaɗan ne, ga na nesa. Maƙwabtanmu Nijar da Chadi ma ai duniya ce. Kuɗinsu ne, kada mu manya mu gama magana a nan mu kai musu a dafe.

Injiniyan Rijiya: Ƙuri'a hakkinsu ce, amma su fara ganin lissafi tukuna. In aka tsaga kuɗin kafin a san abin da gyara zai ci, ana iya rasa duka biyun. Na san famfuna biyu a mace a wajen gari, duka ana ɗiba ba bambanci kafin su lalace. Ranar Asabar zan zo da yarona da kayan aiki mu zaro bututun mu gani, ba zan karɓi kuɗin aiki ba. Sai an buɗe ake sanin ciwon.

Malamar Kimiyya: Allah ya biya ka Injiniya. Zan nemi izinin shugabar makaranta gobe, in tura wa iyaye takarda. Yara goma zan ɗauka, biyar daga kowane ɓangare, har da yarinyar da ta fara ɗaga hannu, ita ce ma kan gaba wajen son a tura waje. Za su riƙe littafi su rubuta sunan kowane ƙarfe da farashinsa, Litinin su karanta wa aji, sannan a yi ƙuri'a. Anti, yaya za mu yi da gwajin ruwan?

Anti Nas: Kada ku zuba a gorar lemo. Zan karɓo kwalaben gwaji masu murfi, a sa su cikin kula da ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji a ranar. In famfon bai tashi ranar ba, sai a jira ya tashi a tuƙa shi sosai kafin a ɗiba.

Mama daga Tudun Wada: Motar maigidana tana ɗaukar mutum bakwai. Saura mota ɗaya.

Baba Mai Tireda: Zan yi wa ƙanena magana, yana da bas. Ni ma zan bi ku, ɗana zai tsare shago. Ƙarfe nawa, kuma a ina za a haɗu?

Malamar Kimiyya: Bakwai da rabi, ƙofar makaranta. Kowane yaro ya zo da rigar sanyi da ruwan shansa.